Hannuwan Baba Modi

Wata bakwai ina zubin adashe da malaman makarantarmu.
Ranar kwasa ko gida ban biya ba,
na hau kabu-kabu daga Mabera
sai shagon Bunu, bayan tsohuwar kasuwa.

Ya jera min su biyu a kan gilashi.
Ɗaya baƙa mai faɗin ƙirji, idonta kamar bakin tulu,
ana kwance shi a ɗaura wani.
"Wagga ba ta da madubi ciki," in ji shi,
"ko magariba ta rufa, tana ganin ƙwayar gero a ƙasa."
Ɗayar ba ta fi sabulun wanka ba:
ka nuna, ka danna, ka mayar aljihu.

Babbar za ta lashe adashen, ta nemi ƙari.
Ƙaramar za ta bar min na buhun shinkafa.
Na juya wannan, na shafa waccan,
har shayin da ya saya min ya huce.
Bunu ya gaji. "Ɗauke su duka, na san gidanku.
Jibi ka maido wadda ba ta karɓe ka ba."

Ban faɗa masa ba,
ba tsuntsayen Kwalkwalawa nake nema ba,
ba taron suna ba.
Hannuwa biyu nake so,
na mahaifina, majemi,
waɗanda bagaruwa da karan dafi suka rina
shekara hamsin da ɗoriya,
yanzu sun soma rawa in ya ɗaga moɗa.

Da safe na rataya babbar na shiga majema.
Warin jiƙo ya tare ni kamar yadda ya saba.
Yara suka bar wasa.
Masu kankare gashi suka ajiye kartaji, suka miƙe.
Baba ya hango ni, ya aika a ɗauko masa hula,
ya wanke hannu har sau uku,
ya tsaya ƙiƙam kamar mai jiran alƙali,
hannuwan nan a bayansa.
"Abin da ba shi da madubi," ya ce, "mi shika gani?"

Ta gani kuwa.
Kowane zare na hular, kowace furfura,
har ƙudan da ke kan kafaɗarsa.
Hoto garau, babu abin kushewa,
sai dai mutumin da ke ciki ban san shi ba.

Washegari na koma hannu sake,
ƙaramar na kwance a aljihu tare da goro.
Na zauna kan turmi na saurari gardamar farashin fata.
Aka manta da ni.
Ya tsoma jar akuya a kwatarniya,
ya murɗa, ruwan ya bi ta tsakanin yatsunsa,
jijiyoyin suka tashi,
rawar nan ta tafi inda ban sani ba.
Na danna.
Ko kazar da ke gefena ba ta ɗago ba.

Hoton da duhu.
Rumfar ta cinye rabin haske,
gefe guda ya dushe, kuma na yanke masa kai.
Da babbar ce, da ba haka ba, na sani,
har yau abin yana ɗan sosa min rai
in na wuce ta gaban shagon na gan ta a kanta.

Na mayar wa Bunu ita a kwalinta.
Ya ce na yi wauta. Wataƙila.

Da daddare na nuna wa Baba a ɗan allon bayanta.
Ya matso da fitila, ya daɗe shiru.
"Wanga hannu na wane ne?"
Na ce nasa ne.
Ya girgiza kai, ya duba tafinsa, ya sake duba allon.
"A'a. Wanga hannun Baffa ne,
ranar da ya fara koya min murɗa."

Ya riƙe ta har batir ya mutu.